Takardar da Ke Aljihun Ishaya

Jarkar ruwa ce fa kawai. Edith ta ɗauko ta daga bakin rijiyar gidansu a Sabon Tasha, santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye kamar karan dawa.

Kwana uku ke nan mijinta Ishaya Tagwai na zaune a gefen gadonta a asibiti, ko loma ba ta wuce masa. Masu dubiya sai yabo suke: "Kai, Baban Favour akwai son mata!" Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya dafa aljihun rigarsa.

Shekara biyu da suka wuce cocinsu ya kawo likitoci, aka gwada ƙashin manya. Ishaya ne ya je karɓo sakamakonsu. Likita ta miƙa masa takarda biyu, ta ce ɗaya lafiya lau, ɗaya kuwa ƙashi ya yi rauni.

"Mutane na ɗauka teɓa ƙarfi ce," in ji ta. "Kitsen ciki ba ya kare ƙashi. Mai wannan takarda ya sha magani, ya daina ɗaukar kaya."

Saura mako biyu bikin 'yarsu Favour, ga Edith da hawan jini. Da ya shigo gida ta dubi fuskarsa, ta dubi tumbinsa da ya ninka nata, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, Baban Favour!" Ya bar ta a kan zaton shi ne mai raunin ƙashi, ya cusa takardar a aljihu.

Daga ranar ya zama ɗan lele. Madara shi, kifi shi, magani a kan lokaci. Ko bokiti ta hana shi taɓawa. Buhun masara ita, jarka ita. Biki ya wuce, gata bai wuce ba, kuma gaskiya abin ya yi masa daɗi. Ran da ya faɗo daga acaɓa a Barnawa ya tashi garau, har godiya ta musamman ta kai coci.

Yanzu a gadon asibiti Edith ta buɗe ido da ƙyar, ta laluɓo hannunsa.

"Ka sha maganinka? Daina kuka mana. Gara da ni ce na faɗi. Da kai ne, da wannan ƙashi naka, ai shi ke nan."

Ya zare hannunsa daga nata. Ya fita baranda, ya zaro takardar da kullum samanta a ninke yake, ya warware ninkin.

Sunan na nan yadda ya gan shi tun a gaban likita: Edith Tagwai.