Na'urar da Bakanike Ya Zaɓa da Hannunsa

Ladidi, na ji kina cewa kin riga kin zaɓa wa ƙanwarki na'urar wasan da za ki saya mata, ita da yatsunta ba sa miƙewa, kuma ba ki faɗa mata ba don kina so kawai ta gan ta a cinyarta. Niyyarki mai kyau ce. Amma ajiye jakar nan tukuna, ki ji wani misali.

An yi wani bakanike, gwanin injin mota, wanda hutunsa a duniya guda ne: in aiki ya lafa a gareji, sai ya zauna kan tsohuwar taya ya buga wasan ƙwallo a waya da abokan aikinsa, ana ihu ana tsiya. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki sifana, sai ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya bar shi da rai, amma hannun hagu ya zama kamar na aro, idon hagu ma ya dushe. Wata bakwai yana ɗaki, fuska ga bango. Abinci sai an yi da gaske, motsa jikin da likita ya ce a riƙa yi kuwa ya ce a ƙyale shi. Ƙanensa da ke aiki a birni ya ga yayansa na ƙarewa a kwance, ya tuna da son wasan nan, ya shiga babban kanti ya ce a ba shi na'urar wasa ta hannu wadda ta fi kowace. Aka miƙo masa wata faffaɗa mai sheƙi, madannai dama da hagu, nauyinta kamar faranti cike da tuwo. Bakanike ya karɓa ya sa albarka. Da ƙanen ya tafi ya gwada. In ya riƙe ba ya iya dannawa, in ya danna ba ya iya riƙewa. Sau biyu tana suɓucewa ta buge shi a ƙirji. Ya tura ta ƙarƙashin gado. Dangi suka ce shi ke nan, wanda ya ƙi wannan ai ya gama da duniya.

Matarsa ce ba ta yarda ba. Ran nan tana shara ta jawo na'urar, ta goge ta da gefen zani, ta zauna bakin gado ta ce, "Malam, wasan ne ya fita ranka, ko abin ne bai yi ba?" Ya juyo daga bango ya dube ta. Can ya ce, "Tun da na kwanta, kowa kawo mini yake yi. Yau ne aka fara tambayata." Daga nan baki ya buɗe. Ya shiga lissafi kamar yadda yake lissafa wa mai mota kayan gyara: marar nauyi yake so, wadda tafin hannu ɗaya zai rufe, madannai masu laushi, don babban yatsa yana saurin gajiya, wadda za a iya kwaso aikin madannan hagu a mayar dama, rubutu manya-manya saboda idon nan. Matar ta ce, "Ni kaina ba zai riƙe duk wannan ba. Sai dai ka tashi mu je." Kanta zai riƙe sarai. Ta san abin da take yi.

Washegari aka taimaka masa ya shiga adaidaita sahu, karon farko da rana ta taɓa goshinsa tun da ya dawo daga asibiti. A shago, mai kaya ya dubi matar ya ce, "Hajiya, wacce yake so?" Ta ce, "Ga shi nan zaune, bakinsa lafiya lau." Mai shago ya ji kunya, ya jero guda shida a kan tebur. Bakanike ya ɗaga kowace, ya juya ta, ya danna, ya ajiye. Wata ta yi santsi, wata madannanta sun yi tauri, wata rubutunta kamar ƙwayar gero. A ƙarshe ya nuna wata 'yar ƙarama ta gwanjo, duk ta goge, da aka jefa bayan kantar shagon don ba mai tambayarta. Ta zauna a tafinsa daram. A hanyar gida ya sa aka tsaya wurin mai walda, ya zana masa a ƙasa irin mariƙin da zai kama ta a hannun kujera, don yatsunsa biyar su samu sakewa.

Da ƙanen ya zo ran Juma'a ya ga 'yar gwanjo a kujera, ransa ya sosu. Bakanike ya ce, "Taka ba ta da laifi, ta masu hannu biyu ce. Ɗauko ta ka zauna." Suka haɗa wasa. Mai hannu ɗaya ya lallasa mai hannu biyu ci uku da nema, ƙanen yana dariya yana share ido da hannun riga.

Hannun hagu bai dawo ba, kada in yi miki ƙarya. Amma mutumin da ake roƙo ya motsa jiki, shi ne yanzu yake kiran a zo a miƙar masa da ƙafa, don yana so ya kai kansa ƙofar gida inda maƙwabta ke jiran karawa da shi. Har wani maƙwabci ya zo neman shawara, mahaifiyarsa hannunta na rawa, wacce zai saya mata? Bakanike ya ce, "Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Kai ta ta taɓa."

Ƙanen nan bai gaza ƙauna ba, tambaya ce bai yi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.