Kiran Baba a Tsohon Mashigin Gummi

Ina ɗan shekara tara Baba ya kai ni tsohon mashigin gulbi na Gummi, bayan la'asar. A nan ya yi aikin fito tun yana saurayi, zamanin da jirage ke haye da gyaɗa da auduga su komo da gishiri. A lokacin an riga an gina gada, babu abin da ya saura sai turakun ɗaure jirgi da warin laka.

Ya kafa hannuwa a baki ya ƙwala kira zuwa ƙetare: "Akwai mai fito?" Sau uku, kamar yadda masu fito ke yi kafin su tashi.

Na ce, "Baba, ai babu kowa. Kowa ya bi gada."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Hakanga nic ce rannan, yaro. Nit tahi gida ban yi kira ba. Ashe ƙanena Sanda na can ƙetare. Da yag gaji da jira, yaf faɗa ruwa."

Ba a taɓa ganin gawarsa ba.

Yau na girmi Baba na wannan yammaci, amma har gobe ina jin nauyin amsar da na ba shi.