Toka da Yashi a Kan Sola

Tasalla na goge farantin sola na talatin lokacin da Muhsin ɗan kwangila ya tsaya a kanta. Gobe za a buɗe sabuwar solar jami'a. Ita kuwa mai shara ce daga Jiga Birni, kuma gogewa ɗaya ta sani a duniya, ta toka da yashi, irin wadda take yi wa tukwanenta.

"Haka ake yi, Alhaji?"

Ya dubi gilashin da ya kakkarce, ya yi murmushi. "Hakanan na, Inna. Ƙara ƙarfi." Har ya aika aka ƙaro mata yashi mai kaushi.

Washegari aka yanke ƙyalle, aka danna makunni, ko ƙwan fitila ɗaya bai kama ba. Muhsin ya ja manyan jami'a har gaban farantan.

"Kun ga aikin jahilci. Kaya sabbi fil, ta kashe su."

A gaban ɗalibai aka karɓe rigar aikinta, aka sallame ta. Ta duƙa ƙarƙashin farantan tana hawaye, za ta ɗauki bokitinta. Sai ta ɗaga kai. Tun daga na farko har na ƙarshe, ba a taɓa ɗaura musu waya ko ɗaya ba.