Jikin Mama Ya Ɗan Matsa

"Kada ku taɓa ce wa dangin majinyaci ya mutu," in ji Malama Naidoo. "A Turanci sassautawa ake yi. Ku ce ya huta, ko ya bar mu."

Tiwonge tana zaune a aji tana ta maimaitawa a ranta. Gobe ne jarrabawar masu jinyar tsofaffi. Ita ce ta kawo ta Durban, har ta bar ɗanta Lusayo a hannun mahaifiyarta a Malawi.

Sai wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne.

"Ƙanwata, jikin Mama ya ɗan matsa. Ki taho gida."

"Yaya, don Allah faɗa mini gaskiya!"

"Ke dai ki taho."

A garinsu ba a sanar da na nesa mutuwa ta waya, sai dai a ce jiki ya matsa. Ta miƙe, ta faɗa da Turancin da ta koya yanzun nan: "Malama, mahaifiyata ta bar mu."

Tun daga Durban take kuka a mota har garinsu Mzimba. Ta tarar da mata zazzaune kan tabarmi a ƙofar gida. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu: "Wayyo Mama!"

Sai ga Mama ta fito da ƙafarta.

Tiwonge ta ƙanƙame ta, tana dariya tana kuka. "Ashe kina raye! To waɗannan matan fa?"

Mama ta kasa haɗa ido da ita. Takalman makarantar Lusayo ne a hannunta.

"Zauna, 'yata," ta ce a hankali. "Yaron ya huta."