Saƙon da Inna Take Saurare

Ƙanwata Maijidda ce ta samo ƙwayoyin, a cikin wani gwangwanin madara da aka cusa bayan kwallayen Inna. Na hawan jini da na suga, duk a haɗe, na wajen wata uku. Kullum da safe ƙanwata takan zuba su a tafin hannun Inna, ta miƙa mata ruwa, ta juya ta ci gaba da shara. Ashe ruwan kaɗai Inna take haɗiyewa.

A lokacin kwanan Inna biyu a asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ranar da ta faɗi ina shagonmu na naɗar muryar sanarwa da talla a Tudun Wada. Kafin ɗan acaɓa ya kawo ni gidanmu a Ƙofar Kuyambana, maƙwabta sun riga sun sa ta a mota.

Akwai kuma wani ruwa da Inna take sha, duk gidan mun san shi. Ruwan alkalin ake ce masa da Turanci, wai maganin kowace cuta ne, maƙwabciyarmu Hajo ce ke sarowa a jarkoki. Ranar da ta fara kawo shi, ta ɗiga wani abu a kofin ruwan famfo ya koma ruwan ɗorawa, ta ɗiga a nata ya yi shuɗi. Matan unguwa suka hau salati. Ni ban hana Inna sha ba. Na ce ai ruwa ne, iyakarsa ya kashe mata ƙishirwa.

Na kai wa Sista Dina gwangwanin, nas ɗin da ke kula da ɗakinsu, 'yar Wusasa. Ta daɗe tana kallon cikinsa, ni kuma na ba ta labarin ruwan. Ta ce ruwan bai taɓa warkar da kowa ba, da zarar ya sauka ciki ya gamu da tsamin da ke narka abinci, ya zama ruwa kamar kowane. Ba abin da Inna ta sha ne ya kayar da ita ba, abin da ta daina sha ne.

"Malam Zulkiflu," in ji ta, "tsohuwar da ta shekara takwas tana shan magani ba ta ajiye shi haka kawai. Wani ne ya ce ta ajiye."

Daga ranar ban da wani tunani sai na wannan mutumin. Na rantse sai na tsayar da shi gaban hukuma.

Tambayar Inna kuma ba abu ne mai sauƙi a wurina ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar zamanin da ce. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kallon ƙwayar idona ba, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina zaune a gabanta za ta ce da Maijidda, a gaya wa wancan tuwonsa yana hucewa. Haka muka rayu shekara arba'in da ɗaya, ban kuma taɓa jin haushi ba.

Don haka Maijidda na tura. Bakin Inna ya karkace, maganarta ba ta fita sosai, sai da ƙanwata ta kai kunnenta kusa.

"Wanda ya faɗa ba ya ƙarya."

Maijidda ta tambaye ta ko wane ne. Inna ta rufe ido.

A kwana na bakwai na kasa haƙuri. Na durƙusa bakin gadon, na tambaye ta da bakina, na ce don Allah ta faɗa mini sunansa kawai. Ta sa hannunta mai lafiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya kai wajen bango. Na fita baranda ina huci. Na ɗauka wani ɗan damfara take rufa wa asiri, ko kuwa rantsuwa aka sa ta yi.

A kwana na tara, bayan la'asar, Allah ya karɓi abinsa. Kafin magariba mun dawo daga maƙabarta.

Na daure har aka yi sadakar bakwai, sannan na yi sallama a ƙofar gidan Hajo. Ta fito zaure tana kuka. Ta rantse ita ba ta taɓa cewa kowa ya bar maganinsa ba. Masu kamfanin ne suka ba ta wani saƙon murya, duk wadda ta sayi jarka sai ta tura mata a waya. Wasu ko buɗewa ba sa yi. Inna kuwa da ta ji sau ɗaya, sai ta roƙe ta ta nuna mata inda ake dannawa ya sake farawa.

Hajo ta share ido da bakin zane, ta dube ni wani iri.

"Wai kai ba ka taɓa jin saƙon ba?"

Na ce a ina zan ji shi. Ta juya ta shige ciki.

A gida Maijidda ta ɗauko mini wayar Inna daga ƙarƙashin matashi, 'yar ƙarama, an ɗaure murfinta da roba. Ta ce kusan kowace safiya takan ga Inna a kan dardumarta, ta manna wayar a kunne tana murmushi ita kaɗai. Ita ta ɗauka wa'azi take ji.

Na zauna a bakin gadon Inna. Saƙo ɗaya ne tak a ciki. Na danna.

Mutumin ya yi sallama cikin natsuwa, ya ce shi likita ne. Ya ce, iyayena maza da mata, ku ajiye ƙwayoyin nan, su ne ke cinye muku ƙoda, ku riƙe ruwan nan safe da yamma. Bai yi gargada ko sau ɗaya ba.

Ban tuna fuskar wanda ya kawo mana takardar saƙon a shago ba, don a yini nakan karanta irinta biyar ban tsaya a kan ko kalma ɗaya ba. Amma muryar tawa ce.