Hannun Baba a Taron Unguwa

Da taron unguwa ya zo kan shawarar ware wa masu keke da masu tafiya a ƙasa gefen titi, mai kantin magani ya miƙe. In aka ware, motocin abokan cinikinsa ba su da wurin tsayawa.

“Jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya,” in ji shi. “Wa ke hawa keke yanzu? Sai wanda ya rasa abin yi!”

Aka kwashe da dariya. Shugaban taro ya ce waɗanda ba su yarda ba su ɗaga hannu. Mai kanti ya waiga, sai ya hango mahaifinsa a bencin baya. Bai san ya zo ba.

Tsohon ya ɗaga hannu har sama. Shawarar ta faɗi.

Mai kanti ya tare shi a bakin ƙofa. “Baba, ai da ba ka ɗaga ba.”

“In bar ka ka ji kunya gaban mutane?” Tsohon ya dafa kafaɗarsa. “Ka iya magana, wallahi.”

Sannan ya sunkuya ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya hau kekensa, ya kutsa tsakanin motoci.