Kwalba Mai Jan Zare

Kwandunan tumatir sun cika akori-kurar Datti maƙil lokacin da wata mata ta faɗo tsakiyar titi a kwanar Kura, rungume da yaro cikin zani. Da babu jama'a a wurin, wallahi kauce mata zai yi. Amma masu shayi na kallo, kuma Datti bai taɓa barin lada ya wuce shi ba in dai akwai shaidu.

"Shigo, baiwar Allah! Tumatir ya ruɓe, rai ya fi," ya faɗa da ƙarfi yadda har mai faci zai ji.

Duk garin Kadawa an san Datti da abu biyu. Na farko haɗinsa na maganin feshi, wanda tsutsa ke jin warinsa ta bar gona. Cikin ɗaki yake haɗawa, ƙofa a kulle, ya ɗura a kwalaben lemo, ya ɗaura wa kowace jan zare a wuya. Abin da ke ciki kuwa, daga shi sai Allah. Ji yake da haɗin nan har surukansa na Bunkure, in Sallah ta zo, kwalba guda yake aika musu su kashe kuɗin cizo, wai ta fi buhun shinkafa albarka.

Na biyu riƙon al'ada. Yana bugun ƙirji a majalisa cewa ɗansa na fari, tun da aka kai shi yaye gidan surukan nan aka bar shi can, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba, gidan ma bai taka ba. "Kunya ce, mu haka muka gada," in ji shi. Kunyar kuma, ikon Allah, ba ta taɓa cin masa ko kwabo ba.

A hanya matar, Sa'a, sai kuka take tana kiran "Baballe, Baballe." Ta ce ita maƙwabciya ce, kakar yaron ciwon ƙafa ya hana ta gudu, tana tafe a baya. Datti bai waiga ba. Yana ta latsa sabuwar wayarsa, yana sanar da duk mai lamba cewa ga shi kan hanyar ceton rai.

A sashen gaggawa na yara na asibitin koyarwa, kafin ya gama gyara hula an wafce yaron. Aka shimfiɗe shi kan gado, kumfa na zuba daga bakinsa, ƙirji na ƙara kamar ana tafasa ruwa. Ɗalibai masu fararen riguna suka kewaye shi, wannan na zuƙe kumfa, wancan na neman jijiya. Datti ya tsaya daga ƙofa yana toshe hanci.

Can sai wata likita ta fito da sauri, riƙe da abin da Sa'a ta ciro daga ƙugunta. Kwalbar lemo ce, saura rabi, da jan zare a wuya.

Datti ya gane ta, ya yi maza ya kau da kai.

"Mun yi masa allurar da muke yi wa wanda ya sha maganin feshi, amma jikinsa bai karɓa ba," in ji likitar. "Wannan haɗi ne, ba abu ɗaya ba. In na san abin da ke ciki, na san abin da zan ƙara masa. Alhaji, kai manomi ne. Ka san masu sayar da irin wannan?"

Ya sani mana. Sunayen suna nan kan harshensa, bai fi ya buɗe baki ba. Amma ga ɗalibai sun zaro biro, ga ɗan sanda zaune kan benci a ƙofar shiga. In ya faɗa yau, gobe kowane ɗan tireda a Kura ya haɗa nasa, jibi kuma a zo a rufe masa ɗaki. Duk a kan ɗan wasu sakarkaru da ba su iya ɓoye kwalba ba?

"Ni ladan kawowa kawai na nema, likita," ya ce, yana buɗe tafukan hannu.

Ta dube shi, ta juya ta koma ciki da gudu.

Don ya danne abin da ke cin ransa, Datti ya juya kan matan da ke jiran layi ya buɗe musu wa'azi. Iyayen zamani! A haifi yaro a watsar kamar 'ya'yan kwaɗi a bakin kanal ɗin ban-ruwa. Ina uwar? Ina uban? Shi da za a ba shi iko, uban yaron nan zai fara ɗaurewa, don duk wanda bai san inda ɗansa ya kwana ba bai cancanci a kira shi uba ba. Matan suna gyaɗa kai, har wata ta ce Allah ya ƙaro irinsa. Ya ji daɗin wannan ƙwarai.

Bai lura ƙarar na'urar da aka jona wa yaron ta tsaya ba. Bai kuma lura da tsohuwar da ɗan acaba ya riƙo tana ɗingishi ta bayansa ba.

Likitar ta fito, a hankali wannan karon, tana zare safar hannu, idanunta a ƙasa.

"Ina mahaifin yaron? Shi nake so in yi wa magana."

Datti ya buɗe baki zai ce ai irinsu ba sa zuwa. Tsohuwar ta riga shi, da muryar da ya sani tun ranar da ya durƙusa gabanta neman aure.

"Ga shi nan tsaye, 'yar nan," in ji Iya Barira, surukarsa, tana nuna shi da sandarta. "Kwalbar ma shi ya aiko mana da ita goron Sallah."